Kawuna da Ranar Dashen Itatuwa

Ranar Talata da hantsi muka kai Kawu makwancinsa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara shida, kuma ban san wani uba ba bayansa.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suka yi ta zuwa. Abin da na lura da shi, babu wanda ya ce marigayi mai sanyin hali ne. An saba faɗar haka a kan kowane mamaci, amma a kan Kawu bakin kowa ya kasa. Limaminmu ya yi addu'a ya shafa, sannan ya tuna ranar da Kawu ya tsare shi bayan sallar Juma'a a kan reshen tsamiya guda da ladan ya sare don gyaran rumfar masallaci. Aka yi dariya kaɗan. Wata tsohuwa ta taho tun daga Kamarawa, rabi a bayan babur rabi a ƙasa, ga hanya yadda ta zama a zamanin nan. Ba danginmu ba ce. Ta shiga wajen mata ta ce a shekarar yunwa, lokacin tana aure a garinmu, da ganyen gonar Kawu ta raya 'ya'yanta biyu. Wani dattijon Bafillace ya zauna can gefen tabarma, da zai tashi ya matso kusa. Ya ce shekara talatin suna rigima da marigayi a kan sassabar gawo don shanu, ya zage shi ya fi a ƙirga, amma ko sau ɗaya bai kai shi ƙara ba, kuma duk bazara yakan tara masa 'ya'yan gawo a buhu.

A rana ta uku wata mota ta tsaya, mutum uku suka fito da huluna masu tambari. Babbansu ya yi gaisuwa da kyau. Daga nan ya ce marigayi abokin aikinsu ne na shekara da shekaru a yaƙi da hamada, kuma suna so a raka su gonarsa su ɗauki hoto, don bikin ranar muhalli mai zuwa. Na ce masa an gode, Allah ya ba da lada. Ban raka su ba. Tun daga lokacin zuciyata ba ta kwanta ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina so a san wane ne Kawu, da abin da aka yi masa, da hannuna a cikin abin.

Garinmu ƙarami ne, yamma da Unguwar Lalle. A fari na farko da na yi wayo da shi mahaifina ya tafi cirani kudu, ciwo ya kama shi can, bai dawo ba. Kawu ya zo da jaki ya kwashe mu. Yana ɗingisa ƙafar hagu, kurkunu ne ya bar masa wannan tun yana saurayi, kuma duk da haka ba na iya cim masa a hanyar gona.

Lokacin sassabe kowa yakan share gonarsa tas, ya tara ya sa wuta. Kawu kuwa sai ya durƙusa gaban kowane kututture da ya yi toho, ya duba, ya zaɓi reshe biyu masu ƙarfi, ya datse sauran da wuƙa. Waɗanda ya bari yakan ɗaura musu tsumma, don mai wucewa ya san suna da mai su. Tsofaffin zannuwan matarsa, wadda muke kira Inna, duk a jikin itatuwa suka ƙare. Mutane suna cewa gonarsa ta rago ce, tsuntsaye za su cinye masa gero. Shi kuma yakan ce saiwa tana nan da ranta a ƙasa, mutane ne ba su da haƙuri. Gawo, aduwa, marke, magarya, kanya, kalgo, babu wanda ya saya, babu wanda ya dasa. Reno kawai ya yi.

Faɗansa ba shi da babba. Ya taɓa bin sawun icce da aka ja a ƙasa har cikin gidan surukinsa, ya tarar an fara faskarawa, ya ɗaure abinsa ya ɗauko a ka, a gaban matan gidan. Ni kaina na sha bulala a kan sandar da na karya don yin baka.

Fari na biyu ya same ni na gama kwalejin horon malamai, an turo ni firamaren garinmu. Ruwa ya sauka sau ɗaya aka yi shuka, ta bushe. Ya sake sauka aka sake, ta sake bushewa. Rumbuna suka ƙare. Na ga mata suna tona gidan tururuwa don tsabar da ta tara. Maza suka sare duk iccen da ke kewayen gari suna kaiwa kasuwar Sabon Birni, har ya zama in ka tsaya bayan makaranta kana hango garin Gangara babu abin da ya tare maka ido, sai gonar Kawu.

A shekarar ne ya buɗe gonar ga kowa. Ya ce mace ko namiji, ɗan gari ko baƙo, ya shiga ya tsinki ganyen aduwa, ya kaɗe magarya, ya ɗebi anza a jiƙa a ci, ya tsince wa akuyarsa 'ya'yan gawo. Sharaɗinsa guda, ƙarfe ba ya shiga. Da safe yakan zauna a bakin gona, duk mai gatari ko adda ya ajiye gabansa, in ya fito ya ɗauki abinsa. Ba ya fara'a da kowa. Amma gidaje da yawa a garinmu da wannan gona suka kai ga wata damina.

Ana cikin haka takarda ta zo cewa a makarantarmu za a yi bikin ranar dashen itatuwa na yankin duka, manya za su zo daga birni. Hedimasta ya ba ni aikin shirya waƙa da wasan kwaikwayo. Na ji daɗi ƙwarai, ba za ni ɓoye ba. Ina da shekara ashirin da biyu, ina da sabon takalmi, ina ganin na san abin da mutanen garinmu ba su sani ba.

Wasan da na tsara mai sauƙi ne. Akwai Jahili, manomi mai gatari, yana sare itatuwa. Sai Hamada ta taso ta kore shi daga gidansa. Sai Mai Ilimi ya zo da dashe a baƙar leda ya cece shi. Da aka rasa kayan da Jahili zai sa, na shiga zauren Kawu na ɗauko tsohuwar malafarsa da gatarinsa, na ce wa Inna aikin makaranta ne. Ɗalibin da na ba wa Jahili gwanin kwaikwayo ne. Yana ɗora malafar nan sai ya fara ɗingisa ƙafar hagu. Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi dariya. Na ce masa ya riƙe wannan tafiyar, ta yi kyau.

Saura kwana ɗaya aka ga babu dirkokin da za a kafa wa baƙi rumfa, babu kuma iccen dafa musu shinkafa. Hedimasta ya bari sai da Kawu ya tafi kasuwa, ya tura manyan ɗalibai da adduna. Ina tsaye a bakin aji suka wuce. Na san inda za su, don babu wani wuri da ya rage. Ban bi su ba, ban kuma hana ba.

Ranar biki tun da sassafe aka jera yara a fili, yawancinsu ba su sa komai a ciki ba. Baƙi ba su iso ba sai bayan azahar. Yara biyu suka faɗi, aka ja su bayan aji don kada su ɓata layi. An kawo tankar ruwa, irin wadda garinmu bai taɓa gani ba. Aka yayyafa wa fili, aka cika bokitai masu fenti don babban baƙo ya zuba wa dashensa. Matan gari suka tsaya daga nesa da tuluna suna kallo, su da ke tafiya har gulbi suna tona yashi kafin su sami na sha. Da aka tashi tankar ta juya da sauran ruwanta.

Kawu ya zo, don mai gari ya ce kowane magidanci ya zo. Bai riga ya je gona ba. Ya zauna a ƙasa cikin dattawa, ya kalli wasan daga farko har ƙarshe. Da Jahili ya fito da malafar nan yana ɗingishi, fili ya ɗauki dariya, mutane suna waiwayen Kawu. Baƙi suka tafa. Ni ina gefe ina jiran a tambayi wanda ya tsara.

Babban baƙo ya tashi ya yi jawabi. Ya ce wasan nan ya faɗi gaskiya, talakawan karkara su ne ke kiran hamada da hannunsu, sai sun bar jahilci sannan ruwa zai dawo. Yana cikin magana Kawu ya miƙe. Ya nufi rumfa da tafiyarsa, aka sake yin dariya, don tafiyar da aka gama kallo ce. Bai tsaya ba sai da ya kai ga dirkar da ke bayan kujerar baƙon. Akwai tsumma ɗaure a jikinta, waɗanda suka saro ba su ko kwance ba. Ya kwance shi a hankali, ya ɗaga.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, inuwag ga da kaka zaune ciki, daga gonata an ka saro ta. Shekara goma sha ɗaya ina renon wanga icce."

Ya nuna layin dashen da aka yi, ya ce, "Waɗanga kuma da kun ka dasa yau, wa za shi ba su ruwa gobe?"

Baƙon ya ce wannan alhakin jama'ar gari ne. Kawu ya tambaye shi ko ya san inda jama'ar gari ke samun ruwa. Kafin a ba shi amsa dogarawa biyu suka riƙe shi. Ya ce su sake shi zai tafi da ƙafarsa. Ya biya wajen ɗalibin nan, ya cire malafarsa daga kansa ba da ƙarfi ba, ya karɓi gatarin, ya ce masa ya iya kwaikwayon tafiyarsa, Allah ya yi masa albarka. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba.

Washegari aka kira shi gidan mai gari, aka ce ya kunyata gari gaban manya, sai ya ba da haƙuri a rubuce. Ya ce bai iya boko ba, ko da ya iya ba zai yi ba. Aka zaunar da shi a rana har la'asar sannan aka sallame shi. Wanda ya sa aka sare itatuwa goma sha huɗu daga gonar da ke ciyar da gari babu wanda ya kira shi. Takardar yabo ma aka aiko masa.

A gida Kawu ya daina kiran sunana. In na yi sallama ya amsa, don hakkin musulunci ne, daga nan babu ƙari. In dole ta sa, sai ya ce a gaya wa Malam kaza. Inna ta fara kai mini tuwona ɗaki. Na gwammace bulalar da yake yi mini ina yaro.

Dashen kuwa, kafin sati biyu rana ta ƙone rabi, awaki suka cinye yawancin sauran. Wata safiya na fito za ni aji sai na hango Kawu a filin makaranta da jakinsa, da bido biyu, wato jarkoki, cike da ruwa, da tarin ƙaya. Yana bin layi yana duba waɗanda ke da sauran rai. Kusa da kowanne ya tona rami ya binne tsohuwar tukunya mai tsaga, ya kewaye da ƙaya. Na ajiye littattafaina na ɗauki bido guda, na fara kwarara ruwa a gindin dashe.

Ya ce, "Ba nan ba. Cikin tukunya."

Wannan ce magana ta farko da ya yi mini kai tsaye tun ranar biki. Na tambaye shi don me yake wahala a kan itatuwan mutanen da suka wulaƙanta shi. Ya ce iccen dogon yaro bai yi masa laifin komai ba. Har ruwa ya sauka a shekara ta gaba muna zuwa gulbi da jakin nan, ni da shi, kwana biyu sau ɗaya. Guda bakwai suka rayu. Su ne manyan itatuwan da ke gaban makarantar yanzu. Da ranar ta zagayo aka zo aka kafa allo a gindinsu, aka rubuta sunayen waɗanda suka yi nasarar dasa su. Babu sunan Kawu, bai kuma tambaya ba.

Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, na ga ranakun nan suna ƙaruwa. Ranar muhalli, ranar hamada, ranar ruwa, ranar tsafta. A ba yara riguna masu rubutu, su zagaya gari da kwalaye, a yi gasar muhawara, a dasa, a ɗauki hoto, a ci abinci, a watse. Ba na ganin laifin yara. Suna yi da zuciya ɗaya, kuma wasunsu suna kuka in dashensu ya mutu. Haushina yana kan manya da suka san zai mutu, suka san ba a tanadi ruwa ba, ba a tanadi shinge ba, amma su dawo baɗi su dasa a cikin ramin bara. Haushina yana kan duk jawabin da aka tsaya aka gaya wa mai yunwa cewa shi ya jawo wa kansa. Kuma yana kaina, don na tafa a wurare da yawa da bai kamata ba.

Abin da na iya yi kaɗan ne. Duk shekara, kwana ɗaya kafin biki, nakan kwashi ajina mu tafi gonar Kawu. Ya sa su durƙusa gaban kututture, kowa ya zaɓi reshen da zai bari ya faɗi dalili. Wanda ya zaɓi mai kyau ba ya yaba masa, sai dai ya miƙa masa tsumma ya ɗaura. Yau in ka bi hanyar garin Isa za ka ga gonaki nan da can masu itatuwa a tsakiya, na san masu su, sun zauna a ajina. Bikin kansa Kawu bai ƙara taka ƙafarsa ba.

Sai da na yi furfura sannan na iya ba shi haƙuri da baki. Muna zaune a zaure na kawo maganar malafa. Ya ce malafa da gatari ba komai ba ne, ɗingishi kuma Allah ya ba shi.

Ya ce, "Su baƙi na, ba su san gonar ba. Kai ka ci ganyenta."

Daga nan ya ce ya yafe, a bar maganar.

Bana ma ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Kawu ya kwanta sati uku, ya cika. Kafin a yi addu'ar bakwai masu gawayi sun fara zagaya gidan. Babban ɗansa, taubashina, wanda tun muna yara ba mu taɓa magana ba tare da wasa ba, ya gaya mini shi da 'yan'uwansa sun shirya sayar da itatuwan in an raba gado. Na yi masa faɗa sosai. Ya bari na gama, sannan ya ce ni ina da fansho, shi yana da baki goma sha biyu a gida da rumbu wayam, gonarsa ta can daji kuma ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga. Ya ce in ina da abin da zai ba su gobe in faɗa. Ba ni da shi. Ɗan ƙanwa kuma ba ya gado, ba ni da ta cewa.

Ranar rabo malamin da aka ɗauko ya zauna a tsakar gida da magada. Da aka zo kan tumunin Inna, sai ta yi magana daga cikin ɗakin da take takaba. Ta ce ba ta son fili mai kyau, ba ta son kusa da gari, a auna mata nata a kusurwar gabas inda icce ya fi yawa. Malamin ya ce ya halatta in sauran magada sun yarda. Ta ce wanda bai yarda ba ya shigo ya gaya mata, ita ta goye shi. Babu wanda ya shiga.

Abin ya ba kowa mamaki, don duk garin an san babu wanda ya yaƙi Kawu a kan itatuwan nan kamar Inna. Tun tana amarya take girki da kara da kashin shanu, ga icce tsaye a gonar mijinta an hana ta ko reshe. Maƙwabta sun sha jin muryarta a kan haka.

Sauran gonar an sare. Kwana huɗu injin yankan icce yana kuka, muna ji daga gida. Ban je na gani ba. A rana ta biyar na shiga gaishe da Inna, na same ta tana jan carbi, idanun nan nata da ba su gani sosai suna ruwa kamar kullum. Na tambaye ta abin da ya sa ta yi haka.

Ta ce, "Shekara sittin hayaƙi na ci mini ido don su tsaya. Ba za ni yi wahalar banza ba."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi inuwa ranar da babu wata sai tasa. Allah ya ƙara wa Inna kwana. Mu kuma da muka gani muka yi shiru, Allah ya yafe muna.